Lissafin da Bai Cika Ba

Ƙarfe biyu na dare a Filato.
Yamai ta kwanta, saura karnuka da kukan gurup ɗin maƙwabta.
Ni ina ɗakin sabobi, da rigar sanyi a tsakiyar bazara,
ina jinyar injuna uku.

Ni na raɗa musu suna, don kewar gida:
Keita, Buza, Illela.
Ta cikinsu kuɗin 'yan ci-rani ke bi,
jika biyar ta tsohuwa, jika goma ta iri,
da ɗan abin da aka ce kada a gaya wa kowa.

Duk kwana tara sai Keita ta suma.
Buza ta bi bayanta kamar an yi musu baki.
Ƙwaƙwalwa ta cika, in ji allo,
sai tsarin ya zaro wuƙa
ya yanka manhajar da ta fi ƙiba, bai tambayi laifinta ba.
Mu kashe, mu kunna, su tashi garau.
Madam Cima ta ce, "To, ai an gyara."
Na yi shiru.
Na girma a gidan da randa ke yoyo ta gindi.

Na jera manhajoji kamar 'yan adashi,
kowa ya faɗi abin da ke hannunsa.
Rumbun bayanai ya ce giga goma sha ɗaya.
Mai karɓar saƙo ya ce huɗu.
Ƙanana suka zube 'yan canjinsu.
Na tara, ashirin.
Gidan na talatin da biyu ne.

Nomau ya ce ajiyar wucin gadi ce,
"Karkaɗe ta, za su zubo."
Na karkaɗe. Ɗaya da rabi suka zubo.
Sauran ko ƙurarsu.

Wa ya rage ban tambaya ba?
Uwar adashin.
Kanel, mai rabawa, mai karɓa, mai riƙe da littafi,
wadda ba a jera ta cikin layi.
Zargin uwa yana da nauyi a baki,
na daɗe hannuna bisa maɓallai.

Na buɗe littafinta.
Can ƙasa, wasu 'yan ƙullin da ba su kai ƙwayar gero ba,
miliyan arba'in, da ɗoriya.
An ara, an ara, ba a mayar ba.
Duk minti biyar na rubuta adadinsu a bayan takardar albashi.
Suna hawa da ciniki.
Ƙarshen wata su yi tsalle.
Ran Juma'a, lokacin huɗuba, su ɗan numfasa.

Tankari mai gadi ya turo ƙofa da kofin shayi.
"Ɓarawon naka ya shigo?"
Na ce yana ciki tun tuni.
Ya dubi fitilu masu ƙyaftawa, ya nuna da haɓa:
"Ita waccan ta ukun, me ya hana shi taɓa ta?"

Illela.
Kwana ɗari da arba'in ba ta ko yi tari ba.

Na aza su gefe da gefe, layi bisa layi.
Komai ɗaya, komai ɗaya,
sai direban katin sadarwa:
biyu na da sabo, ita tana da tsoho.
Sai na tuna wata Talata cikin Nuwamba.
Na sabunta Keita, na sabunta Buza,
waya ta yi ƙara, jikin Laure ya yi zafi,
na ɗauki babur na nufi Yantala.
Ban koma kan Illela ba.
Wata biyar ina ɓoye wannan mantuwa.

Na mayar wa Keita tsohon direbanta.
Buza na bar ta da ciwonta, don ta zama shaida.
Ba zan gaya wa Madam ba tukuna,
zato bai kai a sa masa hannu ba,
sai kwana tara sun cika.

An kira assalatu daga wajen Bukoki.
Biyar saura biyar, na rubuta adadi.
Shayin ya huce.
Ƙarfe biyar, na sake dubawa.
Yana nan inda na bar shi.
Na rubuta shi, na ja layi a ƙasa,
na jira wasu minti biyar.